Horon tsaron waya a Katsina: darasi ya yi kyau, amma wa ke riƙe da takardar sunaye?

Akwai wata cibiya a cikin birnin Katsina da ke koya wa masu POS, ɗalibai da matan da ke sayar da kaya ta WhatsApp yadda za su tsare wayoyinsu daga 'yan damfara. Tsarinta na kasuwancin taimakon al'umma ne: makarantun kuɗi da 'yan kasuwa su biya, rarar kuma a koyar da marasa hali da ita kyauta. Haka dai masu ita suke faɗa.

Darasin kansa ba mu da ta cewa. Da Hausa ake yinsa, kuma kowa da wayarsa a hannu. Ana fara wa da kulle layi da lambar PIN, domin ɓarawon waya layin yake so, da shi zai shiga asusun banki ta USSD. Malamin na jan kunne cewa in aka kuskure PIN sau 3 layi zai nemi PUK, wato lambar sirri ta buɗe layin da ya kulle, in aka kuskure PUK sau 10 layin ya mutu ke nan. Daga nan sai matakin tsaro na biyu na WhatsApp, wato lambobi 6 da mai waya zai zaɓa da kansa. An bambanta su sarai da lambobi 6 da ke zuwa ta saƙon tes, waɗanda ɗan damfara ke roƙa da sunan taron ƙungiya ko rajistar tallafi. Nan ne mutanenmu suka fi faɗawa.

Inda darasin ya gaza shi ne bayan ɓarna ta auku. Ba a bayyana cewa wanda aka ƙwace wa WhatsApp zai iya sake rajista da lambarsa ba, kuma da ya shigar da lambar tes ɓarawon ya fita. In ɓarawon ya riga ya sa nasa PIN, sai an jira kwana 7. Ya kamata kuma kowa ya tashi da lambar toshe asusun bankinsa a rubuce, a ajiye a gida, ba cikin wayar da za a sace ba.

Babbar damuwarmu takardar halarta ce. Ana zagayawa da ita a rubuta cikakken suna, lambar waya, unguwa da sana'a, tana wucewa hannu zuwa hannu, kowa na ganin na kowa. Mai POS ya rubuta lambarsa da inda shagonsa yake, wannan kuwa shi ne abin da ɗan damfara ke nema ido rufe. Ana kuma ɗaukar hotunan mahalarta a sa a Facebook. Dokar kare bayanai ta 2023 ta wajabta a gaya wa mutum dalilin karɓar bayanansa, wa za a ba, da tsawon lokacin da za a riƙe su. Wanda bai kai shekara 18 ba sai da yardar iyaye ko mai kula da shi, abin da zai iya shafar horon da ake kai wa makarantun sakandare. In bayanan suka fita ta yadda za su cutar da mutane, awa 72 doka ta bayar a sanar da hukumar kare bayanai ta ƙasa, NDPC. Takardar ba ta ambaci ko ɗaya ba, wallahi abin ya dame mu, domin cibiyar da ke koyar da tsare sirri ita ya kamata ta fara nuna misali.

Sai batun shugabanci. Allon talla ya ce an yi rajista da hukumar rajistar kamfanoni, CAC, amma bai nuna lamba ba, kuma nau'in rajistar shi ne magana. In BN ce, sunan kasuwanci ne kawai, riba ta mai shi ce, ba abin da ya hana shi ya kwashe. In sunan ya ƙare da Ltd/Gte, ko kuma rajistar amintattu ce mai lambar IT, dokar kamfanoni ta 2020 ta hana raba wa mambobi riba. Da lambar ko cikakken suna ana iya dubawa a shafin bincike na CAC a ga ko rajistar na aiki. Ba a kuma lissafa 'yan kwamitin amintattu ba. Kwamitin da ya ƙunshi mai cibiya da ƙaninsa da abokinsa ba zai iya tuhumar kowa ba, ana buƙatar aƙalla mutum ɗaya daga waje da zai sa hannu kafin kuɗi su fita.

Rahoton shekara ma babu. Shafi ɗaya ya isa: nawa ya shigo daga kuɗin horo, nawa daga masu tallafi, mutum nawa aka koyar kyauta. Lambar kai ƙorafi kuwa ta malamin da ya koyar ce, wato wanda za ka kai ƙararsa shi zai ɗauki kiran.

Mai son koyon kulle layi da WhatsApp ya je, zai ƙaru. A takardar halarta ya rubuta sunansa na farko kawai, ya ce ba ya son hoto. Shugaban makarantar da zai biya wa ɗalibai kuwa ya nemi lambar rajista, sunayen amintattu da takardar neman yardar iyaye kafin ya tura ko sisi.