Gargaɗi kan mai sayar da kafson Artemisia da sunan maganin maleriya

Jama'a a yi hattara da wani mutum da ke tallar kafso a Facebook da WhatsApp, wai garin ganyen Artemisia ne, guda 30 a kwalba, a sha biyu kullum, maleriya ta tafi ke nan har shekara. Ƙarya ce, irin wadda ke kashe yara.

Abin da ya fi ƙona min rai, da gaskiya yake buɗe baki. A saƙon muryar da yake turawa yana cewa daga ganyen nan aka samo artemisinin, sinadarin da ke kashe ƙwayar cutar maleriya, Tu Youyou 'yar ƙasar Sin ta ciro shi a 1972, aka ba ta kyautar Nobel a 2015, kwinin ma daga ɓawon itacen cinchona ne. Duk haka ne. Sai ya sassauta murya ya ce, "Ni asalin abin nake ba ku, ba na kamfani ba." A nan ake yarda da shi. Kada wanda ya ce masu sayen wawaye ne. Ko mu da muke harkar magani ba mu da ja a kan rabin maganarsa, shi ne abin kunyar.

To a yi lissafi. Ya ce kowane kafso miligiram 500 ne na gari. Ganye mai kyau, artemisinin ɗinsa bai wuce wajen kashi 1 cikin 100 ba, wato miligiram 5 a kafso. Guda 30, miligiram 150 ke nan, a watse cikin kwana 15. Shi kuwa artemether-lumefantrine, maganin maleriya na asibiti, na babban mutum ƙwaya 24 ne, huɗu sau shida cikin kwana uku, na biyun bayan awa takwas, artemether, wanda daga artemisinin ake yin sa, miligiram 480. Ina 150 ina 480? Wannan ma idan ganyen bai tsufa ba, domin zafi da ajiya suna cinye sinadarin. Kwalbar ba lambar rajista, ba ranar lalacewa, sai hoton ganye kore da aka manna a karkace.

Kuma artemisinin ba ya zama a jini, sa'o'i kaɗan ya fice. Dalilin da ya sa ake haɗa artemether da lumefantrine ke nan, lumefantrine ya tsaya ya ƙarasa sauran ƙwayoyin cutar. Ɗan abin da ke kafson zai iya kwantar da zazzaɓin, mutum ya turo masa godiya, ya ɗauki godiyar ya yi talla da ita, ciwon ya dawo daga baya. Tun kafin nan ma ya riga ya faɗa musu idan zazzaɓi ya dawo "cutar ce ke fita", a ƙara kwalba. Wasu 30 ɗin! Haka ake koya wa ƙwayar cutar jure magani, shi ya sa a 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ba ta goyon bayan shan ganyen a shayi ko kafso.

"Asalin abin nake ba ku." Allah ya isa. Hotunan tallar da na kwalbar suna hannuna, zan fito da su har da muryarsa.

Kada ku saya. A yi gwaji, a sha maganin asibiti har ya ƙare. Yaro na jijjiga ko amai ba tsayawa, a kai shi asibiti nan take a yi masa allurar artesunate.