Gargaɗi ga masu keke: wani "koci" ya cinye mini naira 385,000 da sunan tafiyar Yankari

Naira 385,000 wani mutum ya cinye mini da sunan keke da tafiyar Yankari, kuma har yanzu yana nan a Facebook da WhatsApp yana tallata kansa a matsayin kocin masu tafiya mai nisa a kan keke. Ya canza suna, ya canza hoto, amma muryar ba ta canza ba. Jiya wani bawan Allah ya turo mini saƙon muryar da ya aika masa, ina ji gabana ya faɗi, jikina ya ɗauki rawa. Ba zan sa sunansa ba tukuna, domin an ce in dakata a gama bin asusun bankin da na tura kuɗin, kuma ko sunan ma na tabbata na aro ne. Amma rasit ɗin kuɗin da na tura duk suna hannuna, da hotunan hirarmu, da saƙonnin muryarsa. Zan ɗora su ɗaya bayan ɗaya in na rufe lambobin mutanen da ba ruwansu.

Kafin wani ya ce kwaɗayi ne ko son banza, ya tsaya ya ji. Ba araha na bi ba. Ba riba aka yi mini alkawari ba. Ni ba baƙon keke ba ne, tun da aka cire tallafin mai a 2023 na jingine babur na koma keke, da shi nake zuwa wajen aiki in dawo, rani da damina. Na san faci, na san ɗaure birki, na san ƙarar da sarƙa take yi in ta bushe. Abin da ban taɓa yi ba shi ne doguwar tafiya, kuma shi ne burina: in tashi daga Kano, in bi Wudil, Birnin Kudu, Ningi, in shiga Bauchi, kusan kilomita 300, sannan in ƙara sama da kilomita 100 ta Dindima zuwa Yankari, in tsoma ƙafata a ruwan ɗumin Wikki. Wannan burin ya gani a rubutuna, ta nan ya shigo.

Kuma wallahi mutumin ya san keke. Wannan shi ne abin da yake hana ni barci. Da jahili ne da tuni na gano shi. Ranar da muka fara magana na gaya masa gwiwata tana ciwo in na yi nisa. Bai ce in sayi komai ba. Ya ce, "Malam, sirdinka ya yi ƙasa. Hau keken, ka jingina da bango, ka ɗora diddigenka a kan feda, ka kai ta can ƙasa. In ƙafarka ba ta miƙe sosai ba, ɗaga sirdin har ta miƙe." Na fita tsakar gida da sifana na ɗaga. Washegari na je aiki na dawo, gwiwa shiru. Ku gaya mini, wa zai ji wannan ya ce ɗan damfara ne? Kyauta fa ya gaya mini. Ko katin waya bai nema ba.

Daga nan ya ba ni tsarin atisaye, shi ma kyauta. Ya ce kada in yi gaggawa, in riƙa ƙara nisa kaɗan-kaɗan kowane mako, doguwar fita guda ɗaya a ƙarshen mako, sannan rana ɗaya ta hutu sosai ba hawa. Ya ce in tafiyar ta matso in riƙa yin doguwar fita kwana biyu a jere, domin abin da yake kayar da mutum ba ranar farko ba ce, safiyar rana ta biyu ce, lokacin da cinya ta yi nauyi kuma zama a kan sirdi ya zama azaba. Ya ce in ɗaura kaya a kariya in yi atisaye da su, domin keke mai kaya ba ya juyawa kamar wanda ba komai. Ya ce da hunturu za a yi tafiyar, Disamba ko Janairu, kada a kuskura a kai Maris da Afrilu lokacin da zafi yake haura digiri 40. A tashi bayan sallar asuba, a fake a inuwa in rana ta take, a ci gaba bayan la'asar, kada a yi tafiyar dare a babban titi saboda manyan motoci. A sha ruwa tun kafin ƙishi ya zo, a riƙe dabino da ƙuli-ƙuli a aljihu, a haɗa ruwan gishiri da sukari, ƙaramin cokali 6 na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri a lita ɗaya. Duk gaskiya ne. Na bincika daga baya wajen waɗanda suka yi irin tafiyar, ba ƙarya ko ɗaya a ciki. Da gaskiya ya yi mini tarko.

To ga wajen da nake ta maimaitawa a raina. Ya turo mini hotunan kekuna biyu 'yan gwanjo, ya ce daga Kwatano suka shigo, suna shagon yayansa a Legas. Ɗaya 340,000, ɗaya 270,000. Ni na nuna ina son mai tsadar. Sai ya ce, "A'a Malam, ba zan cuce ka ba. Wancan siririyar taya gare shi da siririn bawul, in ka yi faci tsakanin Birnin Kudu da Ningi mai facin ƙauye ba shi da irin tub ɗin, famfonsa ma ba zai kama bakin ba. Ɗauki mai taya inci 26, bawul irin na mota, ƙarfensa in ya tsage kowane mai walda zai ɗinke maka." Mai sayarwa ya hana ni sayen mai tsada, ya tura ni ga mai rahusa, ya kuma kawo hujjar da ni kaina na san haka take. A nan na sakankance. A nan na ce wa maiɗakina na samu mutumin kirki. "Ba zan cuce ka ba." Haka ya ce, da bakinsa, saƙon yana nan, na saurare shi har na gaji. Ba zan cuce ka ba.

Na tura 150,000 kafin alƙalami. A'a, kafin wannan ma akwai 45,000 na rajista, shi na fara turawa, domin a lokacin ya riga ya saka ni a zauren WhatsApp na masu tafiyar. Ya ce kuɗin motar rakiya ne da za ta ɗauki ruwa da kayan gyara, kuma ita za ta shiga da mu daga ƙofar Mainamaji zuwa sansanin Wikki, tunda daji ne mai giwaye ba za a bar mu mu ratsa da keke ba. Magana ce mai ma'ana. Zauren kuma cike yake da mutane, wannan ya ɗora hoton keke ya ce nasa ya iso Kaduna lafiya, wancan ya ce Allah ya saka wa koci da alheri. Sai daga baya muka gane yawancin masu godiyar lambobinsa ne, shi yake yabon kansa, mu na gaskiya ba mu fi a ƙirga da yatsu ba. Sannan 150,000 ɗin, sannan cikon 120,000 da ya ce sai an biya yayansa zai saki keken. Sai 52,000 na jakunkunan gefe da hular kwano da fitila. Ina jin na jakunkunan ya riga cikon, zan duba rasit. Na ƙarshe 18,000 kuɗin ɗora kaya a mota. Ku haɗa: 45,000, da 150,000, da 120,000, da 52,000, da 18,000. Naira 385,000. Adashen da na ɗauka ne, da ɗan abin da nake tarawa don gyaran rufin ɗaki kafin damina.

Eh, sunan da ke kan asusun ba shi ne sunan da ya ba ni ba. Na gani, kuma na tambaya. Ya ce na yayansa ne mai shagon. Duk wanda yake sayayya a Sabon Gari ko Kantin Kwari ya san sau nawa ake ce masa ya tura asusun yaron shago ko na mai POS na kusa. Haka muke ciniki kullum. Na nemi kiran bidiyo, ya kira, ya nuna mini kekuna a jere, sai dai hoton yana yankewa, ya ce matsalar sabis ce, fuskarsa kuma ban gan ta da kyau ba. Na nemi ƙarin hotuna, ya turo. Me kuma ya rage mutum ya yi?

Ranar da ya ce kaya sun iso, tun hantsi ina tasha. Ya ba ni lambar direba, na kira, wani ya ɗauka ya ce suna Zariya, taya ta fashe. Na zauna a benci wajen mai shayi. Azahar ta yi, ya ce sun wuce Kwanar Ɗangora. La'asar ta yi, lambar a kashe. Na bi 'yan kamasho ɗaya bayan ɗaya ina nuna musu takardar ɗora kayan a wayata, wani dattijo a cikinsu ya karɓa ya duba, ya girgiza kai ya ce, "Ɗana, mu ba mu da irin wannan takardar, kuma wannan lambar motar ba ta layinmu ba ce." Na kira koci, tana shiga ba ya ɗauka. Na buɗe WhatsApp, an cire ni daga zauren, hotonsa ya ɓace. Magariba ta same ni a tsaye a bakin tasha da igiyar roba a hannu, wadda na saya don in ɗaure jakunkunan a kariya.

Na manta ban faɗa ba, tun kafin ranar tashar na nuna wa Baba mai gyaran keken unguwarmu hotunan, amma a tsaye, yana cikin aiki, ya ce keke mai kyau ne. Sai bayan abin ya faru ya sa tabarau ya duba a nutse. Ya ce, "Malam, ai wannan ba keke ɗaya ba ne. Duba nan, birkin yana kama rim. Duba wannan kuma, birkin faifai ne a tsakiyar ƙafa." Launi ɗaya, sirdi iri ɗaya, keke biyu. Hotunan wasu ya kwaso. Wanda ya shekara yana gyaran keke bai gani ba da farko, to ni da me zan gani?

Abin da ya fi kuɗin ciwo shi ne ƙanin maiɗakina. Ni na kira shi, ni na ce masa ga dama ta samu, ni na tura masa lambar. Yaron ɗalibi ne, ya tura 45,000 na rajista daga kuɗin da yake haɗawa na makaranta. Da na gaya masa, cewa ya yi, "Yaya, ba komai, ƙaddara ce." Da ya yi mini faɗa da ya fi mini sauƙi. Na ce zan biya shi, kuma zan biya, ko da kaɗan-kaɗan ne. Wato a gidanmu kaɗai 430,000 mutumin nan ya kwasa. Kuma har yau in na je gaishe da surukaina sai in ji kamar kowa ni yake kallo.

Masu ce mini "ai da ka tambaye ni", ina kuke lokacin da nake neman wanda zai gaya mini yadda ake shirya tafiyar kilomita 400 a kan keke? Dariya kuka yi, kuka ce wahalar banza ce, in hau mota. Shi kaɗai ya ɗauki maganata da muhimmanci, ya riƙa tambayata kowace Asabar nisan da na yi, yana cewa madalla, ƙara kaɗan mako mai zuwa. Har addu'a yake yi mini. Ashe lissafin ranar da zan ɗauki adashe yake yi, domin ni na gaya masa ranar da bakina, a cikin hira, kamar yadda mutum yake gaya wa abokinsa. Allah ya isa. Ban yafe ba, kuma ba zan yafe ba, 385,000 ɗina da 45,000 na yaron nan sai mun tsaya a kansu gaban Allah in ba su fito a nan ba.

Na kai rahoto banki, na kai wa 'yan sanda, na ba su duk rasit ɗin. Atisaye kuma ban daina ba. Tsohon kekena na kai wa Baba ya canza masa taya da sarƙa, ya ɗaura masa kariya mai ƙarfi, in Allah ya kai mu hunturu da shi zan tafi, ba rajista ba motar rakiya.

Ku kuma, kada ku biya kuɗin keken da ba ku hau ba. In yana nesa, ku tura wanda kuka sani ya gani da idonsa, ya kifa shi ya karanta muku lambar da ke ƙarƙashin ƙarfen, wajen da fedoji suke haɗuwa. Kada ku biya rajistar tafiya ga wanda ba ku taɓa yin atisaye tare da shi a titi ba. Duk wanda wani koci ya ce masa Yankari da motar rakiya da shagon yaya a Legas, ya tsayar da kuɗinsa, ya yi mini magana ta akwatin saƙo. Wanda ya riga ya tura, ya ajiye rasit ɗinsa, muna haɗa su wuri ɗaya, zuwa yanzu asusun da muka gani ba ɗaya ba ne.