Manhajar Java a kan Kubernetes: sharhina daga Kura

Manhajar da na rubuta wa wata ƙungiyar manoman shinkafa a nan yankin Kura ba wani babban abu ba ce. Wa ya karɓi taki bashi, buhu nawa, wa ya biya da shanshera bayan girbi, shi ke nan. Da yaren rubuta manhaja Java 17 da kayan aikinsa Spring Boot na yi ta, na zuba ta a kwantenar Docker, wato ƙunshin manhaja da duk abin da take buƙata, na ɗora a gungun Kubernetes, wato tarin injina da tsarin Kubernetes ke kula da kwantenonin da ke kansu, na wani kamfanin girgije mai ba da hayar injina ta intanet.

Wajen sabunta manhaja kam, sai sambarka. Ranar rabon taki, sakatare na zaune kan tabarma da wayarsa, layi har bakin hanya, na tura gyara. Sabuwar kwantena ta tashi, sai da ta nuna ta shirya sannan aka sauke tsohuwar. Sakatare bai ma san an taɓa komai ba. In kuma wata kwantena ta faɗi da tsakar dare, gungun da kansa yake tada madadinta.

Sai dai Java na son lallashi. Tun daga Java 10 take gane iyakar memorin kwantena, amma in ka bar ta yadda ta zo, kashi 25 cikin 100 kawai take ware wa aikinta. Na ɗaga MaxRAMPercentage, saitin da ke ƙayyade wannan kason, zuwa 75. Ka wuce gona da iri kuwa, sai ka tarar an kashe ta saboda memori ya ƙare, saƙon OOMKilled da lamba 137 na kallon ka. Ga ta da nawar tashi, don haka sai ka sa startupProbe, saitin da ke sa gungun ya jira ta gama tashi, in ba haka ba gungun zai ɗauka ta mutu, ya yi ta kashe ta tun ba ta gama shiri ba.

Tura hoton kwantena, wato fayil ɗin da ake tada ta daga shi, mai ɗaruruwan megabait da sabis ɗin ƙauye wahala ce, ga cin data. Jib, kayan aikin haɗa hoton kwantenar Java, ya taimaka ƙwarai, domin ɓangaren da ya canza kaɗai yake turawa.

Kuɗin ne matsalar. Senti 10 na dala a kowace awa don kula da gungun kawai, kusan dala 73 a wata, ba a zo maganar injinan da ke ɗauke da manhajar ba, balle ma'adanar bayanai. Tun da aka saki naira kasuwa ta yanke darajarta a watan Yunin 2023, lissafin dala ya zama abin fargaba ga ƙungiyar da ke rayuwa da kuɗin mambobi. Kuma cunkoson namu na lokaci ne, rabon taki da kaka. Sauran watanni gungun na zaune yana cin kuɗi.

Kamfani mai manhajoji da yawa da masu amfani dare da rana, Kubernetes ya dace da shi. Mu kam na faɗa wa Alhaji shugaba, da an gama karɓar bashin bana mu koma ƙaramar saba, wato injin ɗaukar manhaja, guda da Docker.