Matashin wuya na soso, kuɗina bai tafi a banza ba

Yan uwa masu zuwa Guangzhou ta China saro kaya daga Njamena, don Allah ku nemi matashin wuya na soso, ba na hurawa da baki ba, wancan cikin dare iska ke zurarewa. A babbar kasuwa na sayi nawa. Daga Addis Ababa, inda ake canza jirgi, zuwa Guangzhou kusan awa 10 ne fa mutum na zaune ga sanyin jirgi, amma wallahi na sha barci wuyana bai ƙage ba, kuma rigarsa ana cirewa a wanke, abin da ya fi burge ni kenan. Matsalarsa girma. Ku ɗaura shi a hannun jaka, cikin jakar ku sa magani, safa mai kauri da fawa bank tunda an hana sa shi a babban akwati.