Gargaɗi ga waɗanda suka rasa aiki: kada ku biya kowa don ya fito muku da kuɗin fanshonku

Jama'a, duk lokacin da wata ma'aikata ta rage ma'aikata, kafin a cika mako biyu 'yan damfara sun samu lambobin waɗanda aka sallama. Wani zai kira ka da cikakken sunanka, ya ambaci inda ka yi aiki, ya ce shi ejan ne na kamfanin fansho ko yana da mutum a PenCom, hukumar da take kula da harkar fansho ta ƙasa, zai fito maka da “kuɗin rashin aiki” cikin kwana uku idan ka ba shi kamasho. Mutum na cikin rana zafi inuwa ƙuna, ga haya ga kuɗin makarantar yara, sai ya yarda. Abin baƙin ciki, kuɗin da ake maganarsu naka ne, kuma karɓarsu kyauta ne.

A Najeriya babu albashin da gwamnati take biyan mutum duk wata don ya rasa aiki, irin wanda ake yi a Amurka ko Ingila. N-Power da aka fara a 2016, aka dakatar a 2023, shirin aiki ne na wucin gadi mai alawus, ba diyyar sallama ba. Hukumar NSITF kuma tana biyan diyyar rauni, ciwo ko mutuwa a dalilin aiki ƙarƙashin dokar 2010, ba ruwanta da wanda aka kora lafiyarsa ƙalau. Don haka saƙon da yake yawo a WhatsApp cewa gwamnatin tarayya ta buɗe rajistar tallafin marasa aikin yi, ka cika fom ka tura wa zauruka biyar kafin kuɗi su shigo, tarko ne na tattara lambobin BVN da NIN. Ku duba adireshin shafin. Shafukan gwamnati suna ƙarewa da gov.ng, kuma babu ma'aikatar da take sa sharaɗin sai ka yaɗa saƙo kafin ta biya ka.

Abin da doka ta tanada da gaske yana cikin Dokar Gyaran Fansho ta 2014. Ma'aikacin da yake cikin tsarin fansho na adashi, wanda ake cire aƙalla kashi 8 cikin ɗari daga albashinsa, ma'aikatarsa ta ƙara aƙalla kashi 10, yana da asusu na kansa mai lamba da take farawa da PEN. Idan ya rasa aiki bai kai shekara 50 ba, kuma ya yi wata huɗu bai samu wani aikin ba, yana da damar cire kashi 25 cikin ɗari na abin da yake cikin asusun. Sauran kashi 75 suna nan suna juyawa har ya kai shekarun ritaya. Idan akwai naira miliyan 2 da dubu 400 a asusun, abin da zai fito dubu 600 ne. Duk wanda ya ce maka zai fito maka da rabi ko duka, kana ɗan shekara 38, ƙarya yake yi. Babu wani ma'aikaci da yake da wannan ikon, komai girman kujerarsa.

Wanda bai taɓa buɗe irin wannan asusu ba, ba shi da abin cirewa, ko da ya yi shekara goma yana neman aiki. Sojoji da jami'an tsaron farin kaya ba sa cikin tsarin. Ma'aikatan jiha kuma ya danganta da dokar fanshon jiharsu. A nan ne ake cutar matasan da suka gama makaranta: a ce musu su biya kuɗin fom a buɗe musu “fayil” a sa su cikin jerin masu karɓa. Babu irin wannan jeri.

Hanyar gaskiya ba ta da tsawo. Ka je ofishin kamfanin fanshonka da ƙafarka, wanda sunansa yake kan bayanin asusun da ake turo maka. Ka tafi da takardar sallama, ko takardar da ma'aikata ta amince da ajiye aikinka, a kan takardar ma'aikatar mai tambari da sa hannu. Ka haɗa da takardar albashinka ta ƙarshe, takardar haihuwa ko rantsuwar kotu kan shekaru, hoton fasfo, katin shaida da lambar NIN, da bayanin asusun banki mai ɗauke da sunanka. Ma'aikacin kamfani mai zaman kansa galibi ana neman wasiƙar da ma'aikatarsa ta tabbatar ta zuba duk kuɗin da ta cire masa. Za su ba ka fom ka cika a wurin, su ba ka shaidar sun karɓi takardunka. Ba a biyan ko sisi a kowane mataki. Kuɗin kuma asusun bankinka suke shiga kai tsaye, ba a biyo da su ta hannun kowa.

Inda ake samun cikas shi ne inda ɗan damfara yake samun kasuwa, don haka ku san su. Mafi yawa saɓanin suna ne ko ranar haihuwa: a fansho kana Muhammad, a NIN kana Mohammed, a banki an sa sunan kakanka a gaba. Maganinsa sabunta bayananka a kamfanin fansho, idan kuma kuskuren a NIN yake, a ofishin NIMC, hukumar da take ba da NIN, ake gyara shi. Na biyu, ma'aikatar da ta riƙa cire kuɗin amma ba ta zuba ba. Doka ta ba ta kwana bakwai na aiki bayan biyan albashi ta zuba kuɗin, tare da tarar da ba ta gaza kashi 2 cikin ɗari a kowane wata ba a kan abin da ta riƙe. Wannan ƙorafi ne da ake rubuta wa PenCom, ejan ba zai iya tilasta wa ma'aikata ta biya ba. Akwai kuma mai lambar PEN biyu saboda ya sake yin rajista da ya canja wurin aiki, sai an daidaita su kafin a biya. Sai mai gaggawa da ya kai takardu wata huɗu ba su cika ba, a mayar da shi, ya ɗauka wulaƙanci ne.

Dabarar 'yan damfarar kusan iri uku ce. Akwai mai karɓar kamasho, kashi 10 ko fiye, a kan aikin da kai za ka yi da kanka. A lissafin da muka yi a sama dubu 60 ke nan sun tafi a banza, in ma bai gudu da kuɗin somin-taɓi ya kashe waya ba. Akwai wanda zai ce “an amince da kuɗinka, karanto mini lambar da ta shigo wayarka yanzu”. Wannan lambar ta banki ce, da ita zai kwashe ɗan abin da ya rage maka na sallama. Kamfanin fansho ba ya tambayar lambar sirrin katin ATM, ko lambobin bayan kati, ko OTP, wato irin wannan lambar da banki yake turowa a waya.

Na uku ya fi haɗari, domin yana mai da kai abokin laifi. Shi ne mai zuwa wurin wanda yake kan aikinsa ya ce zai buga masa takardar sallama ta bogi ya ciro kashi 25. Kamfanin fansho yana ganin kuɗin da ma'aikatarka take zubawa duk wata a allonsa, kuma yana iya tuntuɓar ma'aikatar ya tabbatar da takardar. Idan asiri ya tonu, sunanka da hotonka da sa hannunka ne a kan fom ɗin, shi ejan ko sunansa na gaskiya ba ka sani ba. Ana iya rasa aikin da ake da shi a kan haka, ga tuhumar takardar jabu.

Ko da ka cancanta, ka yi lissafi kafin ka cira. Sau ɗaya ake ba da wannan dama, kuma abin da ka ɗauka yau yana rage fanshonka na tsufa. Mai sa ran samun aiki nan kusa, a ganinmu, gara ya bar kuɗinsa.

Wanda ya riga ya ba da lambobinsa, ya kira bankinsa nan take a rufe katin da manhajar waya, kada ya jira gari ya waye. Ya adana lambar da aka kira shi da ita, da rasiɗin kuɗin da ya tura, da sunan asusun da ya karɓa, ya ɗauki hoton hirarsu kafin a goge. Ya sanar da kamfanin fanshonsa a rubuce cewa kada a canja lambar waya ko asusun bankin da suke cikin fayil ɗinsa sai ya zo da kansa. Daga nan ya kai rahoto ga 'yan sanda ko EFCC, idan kuma wanda ya nemi kuɗin ma'aikacin kamfanin fansho ne da gaske, a haɗa da PenCom.