ThrottleStop ko saitin 99% na Windows: wanne ya fi rage zafi?

Wani ɗan uwa ya tambaya: laftof ɗinsa mai furosesar Intel Core i5-8250U tana kai digiri 95 in yana haɗa bidiyo, ya sa manhajar ThrottleStop ne ko saitin Windows ya isa?

Na Windows ya fi sauƙi. Shiga Power Options, sai Change advanced power settings, a Processor power management ka mayar da Maximum processor state daga 100 zuwa 99. A yawancin na'urorin Intel wannan na kashe Turbo Boost, wato ƙarin gudun da furosesa ke yi in aiki ya yi nauyi. Zafi zai sauka nan take, amma furosesarka mai iya kai 3.4 GHz za ta tsaya a 1.6. Ga mai rubutu da lilo a intanet ba komai. Ga mai haɗa bidiyo kuwa asara ce.

Da ThrottleStop kuwa ba sai ka rage gudun furosesa ba, wutar da take sha za ka rage. A cikin manhajar, buɗe sashen FIVR, zaɓi CPU Core, danna Unlock Adjustable Voltage, sa Offset Voltage a -50 mV, ka yi wa CPU Cache haka. Kunna Cinebench, manhajar da ke ɗora wa furosesa aiki mai nauyi don gwaji, kana duba zafi a manhajar HWiNFO64. In ta jure, ƙara rage 10 mV (ya zama -60) ka sake gwadawa. Ranar da ta daskare ko ta nuna shuɗin allo, ka wuce gona da iri, koma baya da 20 mV. Kada ka kwafi lambar wani, ko samfuri ɗaya ne kowace furosesa da iyakarta. Kuma wadda ta jure aiki mai nauyi tana iya daskarewa lokacin da ba ta aikin komai, don haka a gwada ta a kan batir ma.

Matsalar ita ce kulle. Tun da aka bayyana raunin tsaro na furosesoshin Intel mai suna Plundervolt a Disamban 2019, kamfanoni da yawa sun toshe wannan ƙofa ta rage wuta ta hanyar sabunta BIOS, wato manhajar da ke tayar da kwamfuta. Saitin tsaro na Memory integrity a Windows 11 ma na hana wannan rage wutar aiki. In ka ga Offset bai motsa daga sifili ba, an kulle ke nan. Masu furosesar Ryzen ta AMD kuma, ThrottleStop ba tasu ba ce.

Shawararmu, Malam: fara da ThrottleStop. In a kulle take, rage iyakar wuta a sashenta na TPL, PL1 (iyakar wutar dogon aiki) ya koma wat 12 maimakon 15, ya fi kashe Turbo gaba ɗaya. Kafin duk wannan, buɗe bayan laftof ɗin ka hure fanka. In ƙurar hunturu ta toshe ramukan iska, babu manhajar da za ta yi magani.