Karatun akanta a Zariya: digiri, difloma ko jarrabawar ƙwararru?

Da sakamakon JAMB ya fito bana, ɗiyar yayata ta same ni a gida a Tudun Wada, ta ce, "Kawu, akanta nake so in karanta. Ina zan nufa?" Na ce mata kafin mu yi zancen makaranta, ta ɗauko mini takardar WAEC ɗinta. Daga nan ake farawa. Idan babu kiredit biyar da suka haɗa da Turanci da lissafi, har da ilimin tattalin arziki ga mai neman jami'a, to a koma a gyara tukuna. Na ga yara masu ƙoƙari da suka ɓata shekara biyu suna neman gurbi alhali lissafinsu ne bai fita ba.

Wanda takardunsa suka cika kuma makinsa ya yi kyau, Jami'ar Ahmadu Bello ce zaɓinsa na farko, ba na ɓoye wannan. An kafa ta a 1962, kuma koyar da aikin kuɗi da mulki ya daɗe a Kongo, inda ɗaya daga harabobinta take a Zariya, tun kafin jami'ar ta samu. Digirin shekara huɗu ne. Ana shiga ta JAMB da Turanci da lissafi da tattalin arziki da wani darasi guda, sannan tantancewar jami'ar. Abin da digiri ya fi sauran da shi shi ne faɗi: bayan rubuta shiga da fitar kuɗi, za a ratsa da kai ta haraji, binciken kuɗi wato aikin odita, lissafin kuɗin gwamnati, dokar kasuwanci, da IFRS, wato ƙa'idojin rubuta rahoton kuɗi na ƙasa da ƙasa, da Najeriya ta fara aiki da su a 2012. Mai burin koyarwa a jami'a ko yin digiri na biyu, hanyarsa ta miƙe daga nan. Amma masu nema sun fi gurbin yawa nesa ba kusa ba, kuma a sa a rai cewa shekara huɗu kan iya miƙewa. Yajin aikin ASUU na 2022 wata takwas ya ci.

Hanya ta biyu ita ce Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Nuhu Bamalli, mallakar jihar Kaduna. Shekara biyu a karɓi ƙaramar difloma, shekara ɗaya a fita koyon aiki, a dawo shekara biyu a yi babbar difloma, wato HND. Biyar ke nan. Mutane na raina wannan hanya, ni kuwa ina ganin sun yi kuskure. Shekarar koyon aikin nan dukiya ce. Yaron da ya zauna wata goma sha biyu a ofishin odita ko sashen kuɗi na wani kamfani, ya daidaita littafin kuɗi da takardar banki da hannunsa, ya ga yadda ake cire harajin VAT, ya san abin da ɗan aji huɗu a jami'a bai taɓa taɓawa ba. Mai babbar difloma ma yana zuwa bautar ƙasa. Sai dai gaskiya ɗaya ce: har yanzu akwai wuraren aiki da ke fifita digiri wajen ɗauka da ƙarin girma, kuma mai HND da ke son digiri na biyu yawanci sai ya bi ta wata difloma ta share fage. Wanda ya fita da sakamako mai kyau a ƙaramar difloma yana iya neman shiga jami'a kai tsaye a aji biyu. Wannan ya fi zaman gida ana maimaita JAMB shekara uku. Da babu gara ba daɗi, balle ma wannan da daɗinta.

Sai abin da iyaye da yawa ba su sani ba, kuma shi ne ya fi damuna. Digiri ko HND ba ya sa a kira mutum ƙwararren akanta. Wannan suna na ƙungiyoyin sana'ar ne, kuma manyansu biyu ne. ICAN, wadda doka ta kafa a 1965, jarrabawarta hawa uku ce, kuma tana da tsauri. Wanda ya karanta akanta a makarantar da ta amince da ita ana ɗauke masa wasu darussan. Bankuna da manyan kamfanonin binciken kuɗi ita suka fi tambaya. ANAN kuma ta samu dokarta a 1993, tana da kwalejinta a Kwall kusa da Jos, kuma sai mai digiri ko HND yake shiga. Za ka samu mambobinta da yawa a ma'aikatun gwamnati. Saboda haka kafin a biya kuɗin rajista a kowace makaranta, a je sashen a tambaya ko ƙungiyoyin nan sun amince da kwas ɗin a halin yanzu. Tambayar minti biyar ce, amma tana iya rage wa mutum jarrabawa da kuɗi masu yawa nan gaba.

Akwai kuma ATS, jarrabawar ICAN ta ƙananan ma'aikatan akanta, kashi uku, wadda ake iya farawa da takardar sakandare. Ga ɗan kasuwar Sabon Gari da ke riƙe da littafin shagon mahaifinsa, ko matar aure da ba za ta iya zaman aji kullum ba, ita ce ta fi dacewa. Ɗalibin jami'a ma zai iya haɗa ta da karatunsa, in yana da juriya.

Batun kuɗi kuwa, kada a tsaya kan kuɗin makaranta kaɗai. A lissafa haya ko kuɗin mota kullum, da littattafai, da kwamfutar tafi-da-gidanka. Wannan ta ƙarshe ba ado ba ce. Akantan da bai iya Excel ba, bai taɓa buɗe manhajar akanta irin QuickBooks ko Sage ba, zai sha wuya ranar gwajin ɗaukar aiki ko da wace takarda ya zo. Asusun NELFUND da ya fara ba ɗaliban makarantun gwamnati rance a 2024 yana rage nauyi, amma bashi ne, za a biya.

Ita ɗiyar tawa makinta ya kai ta gwada jami'a, don haka muka bar ABU a matsayin zaɓin farko, Nuhu Bamalli kuma tana nan in gurbin bai samu ba. Na ce mata ko wacce ta samu, ta yi rajistar ATS da zarar ta gama zangon farko. Kafin nan, ranar Asabar za ta fara zuwa shagon wani abokina a unguwar PZ ta riƙe masa littafin shiga da fita.